Miyar Banufiya da Akwatin Samfur

Wawan wannan labari ni ne. Na faɗa da bakina tun daga farko don kada wani ya sha wahalar ganowa a tsakiya, ya zo yana yi mini kallon wanda ya ci jarrabawa.

Ni makaɗin kalangu ne, ko in ce na taɓa zama, don yanzu bukukuwan Minna sun koma hannun masu sifika. Ubana Bakatsine ne, jirgin ƙasa ya kawo shi garin nan yana bin mahauta da kalangunsa a kafaɗa, a nan kuma aka haife ni. Na yi boko har aji huɗu na firamare, inda ni da malamin lissafi muka dubi juna muka ga ba za mu daidaita ba, aka rabu lafiya. Saboda haka duk wanda ya tsinci kuskure a rubutun nan, ya kai ƙara aji biyar, an ce can ake koyar da sauran.

Matata Banufiya ce, mutuniyar Bida. Kowa ya san abin da ke tsakanin Bakatsine da Banufe: wasa ne tun na kakanni, ba a gaisawa sai an tsokani juna. To mu da wannan muka yi aure, da shi muka haura shekara arba'in. Ita ta ce da ni Bakatsine, ni in ce da ita Banufiya. In na shigo gida ba ta jefe ni da magana ba, sai in taɓa goshinta in ji ko zazzaɓi ne.

Tana sayar da shinkafa da miya a bakin titi a Kpakungu, ƙarƙashin wata rumfar kwano. Masu keke mai ƙafa uku, magina, kafintoci, ma'aikatan da ke sammakon shiga gari, duk nan suke tsayawa. Ba ta da allon talla. Miyarta ce allonta. A unguwar in ka ji an ce "mu je wajen Banufiya", ba a ƙara bayani.

Sai na ɗan yi wa 'yan zamani karatu, su yi haƙuri. Kalangu ba ƙara kawai yake yi ba, magana yake. Ka matse tsarkiyarsa a hammata, murya ta hau. Ka saki, ta sauka. Da hawa da saukar nan yake bin muryar Hausa gaɓa-gaɓa. Mahautan zamanin da suna jinsa kamar yadda ake jin labarun rediyo. Ni kuwa akwai jimla biyu da duk tsohon mahaucin garin nan ya san su a hannuna. Ɗaya "Banufiya", wadda nake bugawa tun ina nemanta, in ta zo wucewa da tasa a kai. Ɗayar "ba gishiri", wadda nake manna wa duk mai bikin da ya yi mana rowa. Ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba sai ranar da zan ba ku labari.

Wani mutum ne ya zo mahauta yana tambayar ko akwai sauran mai kalangu a garin, aka nuno masa gidana. Mutumin Kudancin Kaduna ne, dattijo-dattijo, gemunsa ya fara furfura. Ranar Lahadi shi ke kaɗa piyano a cocinsu, sauran kwanaki kuma yana da situdiyo a Tunga, wato ɗakin da ake ɗaukar waƙa. Ya ce sunan aikinsa furodusa. Na ce Allah ya sawwaƙe, ya ce a'a, ba ciwo ba ne, shi ne mai haɗa kiɗa da murya su zama waƙa. Ya ce akwai wata mawaƙiya da ke son kalangu na gaske a waƙarta. Muka sa rana.

Ranar kuwa na tashi da ƙafar hagu. Likita ya ce ina da hawan jini, a rage mini gishiri. Ni ban ɗauki maganar da zafi ba, amma Banufiya ta ɗauka kamar aya. Ta koma ɗiban miyata daban kafin ta sa gishiri a babbar tukunya. Da safen nan na kai loma ɗaya, na ajiye cokali.

Na ce, "Banufiya, wannan miya ce ko alwala?"

Ta ce, "Ci, Bakatsine. Ban gama da kai ba, ba inda za ka."

Na ci, amma na fita da abin a maƙogwaro.

Situdiyon yana bayan wani shagon taya. Ɗaki ne ba taga, an lulluɓe bangonsa da soso, ƙofarsa kuwa sai ka sa kafaɗa. Da aka rufe ta, duk hayaniyar Tunga ta ɗauke ɗif, har kukan cikina nake ji. Ya kashe fanka, wai makirfo na jin iska. Ya zaunar da ni gaban makirfon, ya kifa mini wasu kofuna biyu a kunne, ya koma bayan gilashi wajen kwamfutarsa. Sai na ji muryarsa a tsakiyar kaina.

"Baba, kada ka wahalar da kanka. Samfur kawai nake so."

To a nan jaki ya kayar da ni. Ni dai na san samfur. Samfur shi ne 'yar shinkafar da dillali ke ƙullawa a leda ya kai wa mai saye ya gani, in ta yi masa sai a kawo buhu. Samfur shi ne abin da ake karɓa a asibiti a 'yar kwalba, wanda ban taɓa jin an mayar wa mai shi ba, ban kuma taɓa jin an rataye shi a falo ba. Samfur ana dubawa ne a zubar. Sai na ce a raina, wato ɗanɗano za a kai wa mawaƙiyar, in ya yi mata sai a kira ni ranar kiɗa na sosai. Ban tambaya ba. Mai aji huɗu ba ya tambayar ma'anar kalmar da ya riga ya sani.

Ya ce in buga sau ɗaya da murya sama, na buga. Sau ɗaya ƙasa, na buga. Tsaka-tsaki, na buga. Kamar mai gwajin ido. Sannan ya saki wani ƙis-ƙis-ƙis a kunnena, kamar agogon bango, ya ce in bi shi.

Na ce, "Ni in bi agogo? Ni fa ake bi."

Ya yi dariya ya ce, "Yau dai ka daure, Baba. Ka buga wani abu gajere mai daɗi, duk abin da ya zo hannunka."

Abin da ke maƙogwaro shi ke zuwa hannu. Na gyara kalangu a hammata, na buga bugu goma cif: mi-yar Ba-nu-fi-ya ba gi-shi-ri.

Sai na ga mutum ya miƙe tsaye a bayan gilashi. "Wannan! Wannan ɗin! Sake, Baba!"

Na sake. Na kuma sakewa, har da 'yar kwalliya, don na ga ba wanda ke ji sai ni da Allah. Raina ya yi sanyi, na rama abin da aka yi mini da safe.

Ya ce, "An gama."

Na ce, "An gama me? Ko zufa ban yi ba."

Ya kira ni ɓangarensa ya nuna mini akwatin. Bai fi faranti girma ba, yana da maɓallan roba goma sha shida, huɗu-huɗu, suna kawo wuta. Ya ce sunansa samfila, aikinsa ya haɗiye sauti ya riƙe, duk lokacin da aka taɓa shi ya amayo. A fuskar kwamfuta kuma ga kiɗana kwance, tudu-tudu kamar kunyar doya a gonar Bagwari. Ya riƙa sa wa kowane tudu wuƙa, yana yankawa, yana ajiye kowane bugu a maɓallinsa. Sannan ya sa yatsa ya taɓa na farko.

Kalanguna ya yi magana. Alhali yana jingine da bango, hannuwana kuma suna kan gwiwata.

Na ce, "A'uzu billahi."

Ya bi maɓallan da yatsu, jimlar ta fito daram. Ya murɗa wani abu, ta yi sauri. Ya murɗa wani, muryar ta yi kauri kamar ta gangar noma. Ya danna wani, ta kama maimaita kanta, in ta kai ƙarshe ta koma farko, ba numfashi, ba gyaran zama. Na yi shekara hamsin ina kiɗa, ban taɓa buga abu biyu iri ɗaya sak ba, ko da na so. Akwatin nan kuwa ko gezau.

Ya juyo ya ce, "Baba, an ce kalangu magana yake. Wannan me yake cewa?"

Kun ga Allah ya buɗe mini ƙofar fita. Ni kuwa na sa ƙafa na rufe ta. Na gyara murya na ce, "Kirari ne. Na mata masu girki."

Ya tafa hannu. "Kai, Allah mai iko! Ka san waƙar a kan me take? Yabon iyaye mata ne masu ciyar da gari!"

Na ce, "To ka gani. Hannun tsoho ba ya kuskure."

Ya sallame ni cikin mutunci, na tafi gida ina jiran a kira ni kiɗa na sosai. Har sabuwar fata na sa wa kalangun.

Ba a kira ni ba. Wata ɗaya, wata biyu. Na ce samfur bai yi ba ke nan, an zubar.

Wata ranar Talata da hantsi na shiga keke daga Tunga zuwa Kpakungu. Direban ya ƙure sauti. Wata mace mai zaƙin murya tana yabon uwa mai tashi da asuba ta hura wuta, mai ciyar da na gida da na hanya. Ga piyano, ga jita, ga wani kiɗan ƙasa mai girgiza kujera. Ina gyaɗa kai, sai na ji hannuna. A ƙarƙashin duk wannan yabo, ga kalanguna nan yana faɗi, a natse, ba gaggawa: miyar Banufiya ba gishiri, miyar Banufiya ba gishiri. Na ƙirga har talatin na bari.

Matar da ke gefena ta ce, "Baba, lafiya? Ka yi zufa."

Na ce, "Hawan jini ne."

Direban ya ce, "Ai wannan waƙar maganin hawan jini ce, Baba. Ita ake yayi yanzu. Ka ji kalangun nan? Kwamfuta ce fa! Yanzu ba a buƙatar tsofaffin nan."

Na ce, "Haka ne, ɗana. Allah ya tsare kwamfuta."

Da na sauka na zauna a kan wani benci na yi lissafi irin na aji huɗu. Masu jin kalangu a Minna yanzu ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma rabinsu kunne ya tafi. Saura duk kiɗa kawai suke ji. Na ce ba komai. Abin da na manta shi ne, tsoho ɗaya mai baki ya fi sifika goma.

Akwai wani abokina mahauci, tare muka taso, wurinsa Banufiya ke sayen nama kullum da safe. Shi ya ji waƙar a wayar wani mai sayen hanta, ya ajiye wuƙa, ya yi dariya har da riƙe teburi. Aka tambaye shi, ya fassara. Shi ke nan. Maganar kalangu haka take: muddin ba a gaya maka ba, ba ka ji, ranar da aka gaya maka kuwa, ba ka sake rashin ji. Kafin Juma'a duk Kpakungu ta iya yaren kalangu, jimla ɗaya tak. Waƙar na tashi, sai ka ji ana bin kiɗan da baki.

Ashe Banufiya ta riga kowa ji. Daga baya na gane tun sati biyu kafin nan ta tsinci hannuna a wayar wani mai cin abinci, ta yi shiru. Tana ganin tsakaninmu ne, wasa ne ya ɗan yi nisa, tana tanadin ramuwa. Amma da abin ya fito titi sai ya zama wani abu.

Masu cin abinci ba da mugunta suke yi ba. Mutum zai miƙa kwano ya ce, "Mama, yau dai da gishiri ko?" a yi dariya. Wani kafinta har ɗan ƙullin gishiri ya fito da shi daga aljihu ya ajiye a kan benci. Wata kuma da ta buɗe tata rumfar a tsallaken titi, ta samo sifika, daga safe har azahar waƙa ɗaya take sakawa. Waƙar yabon iyaye mata ce, wa zai ce ta yi laifi?

A gida kuwa ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi. Na shigo da yamma, sai ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Malam."

Na waiga in ga wane malami ne ya biyo ni.

Ta kawo abinci ta ajiye, ta ce, "Ga abinci, Malam. A ci lafiya." Ta koma ɗaki.

Na ɗaga murya na ce, "Banufiya, yau kuma wane kifin aka ba haƙuri aka sa a miyar?" Irin wannan da, kafin in rufe baki ta ba ni amsa uku. Sai na ji daga ɗaki, "Allah ya ba da haƙuri, Malam."

Jama'a, ana dukan mutum da sanda, ana dukansa da ladabi. Na sanda ya fi saurin warkewa. Kwana tara ina Malam a gidana.

Amma ba wannan ne ya kai ni Tunga ba. A rana ta goma na bi ta bayan rumfarta da sassafe, ba ta gan ni ba. Tana tsaye kan tukunya. Matar nan shekara talatin ba ta ɗanɗana miyar sayarwa. Hannunta ne ma'auni, ta ɗiba ta watsa ta rufe. Sai na ga ta ɗiga miya a tafin hannu ta lasa. Ta tsaya. Ta ƙara gishiri. Ta juya, ta sake lasa, ta sake tsayawa, ta sake ƙarawa. Sau huɗu ina kallo. Da rana na dawo ta wajen, na ga kwanuka a jere a kan benci da sauran abinci a ciki. A rumfar Banufiya ba a saba barin ko ƙwayar shinkafa ba. Miyar ta yi gishiri har ba ta ciwuwa. Tana kwashe kwanukan tana zubarwa a bokiti, ba ta ɗaga kai ba.

Na koma gida na ɗauki kalangu, na tari keke.

Furodusa na ganina ya washe baki. "Baba! Ka ji yadda waƙarmu ta kama gari?"

Na ce, "Ta kama. Har da ni ta kama. Rufe ƙofa."

Na gaya masa abin da kiɗan ke cewa. Ya zauna a hankali.

"Baba, ka ce mini kirari ne."

"Kai kuma ka ce mini samfur ne."

"Ai samfur ne!"

"To samfur ana sa shi a keke?"

Sai da muka yi kusan rabin awa kafin muka gane kowa da samfur ɗinsa. Nawa ana dubawa a zubar. Nasa kuwa shi ne buhun gaba ɗaya: guntun sauti ne da ake ɗauka sau ɗaya a yi ta aiki da shi har abada. Ya dafe kai ya ce, "Wato mun yi waƙar yabon mata, muna zaginsu daga ƙasa. In mawaƙiyar nan ta ji, na shiga uku. Matata ma shugabar zumuntar mata ce a coci, har rawa suka yi da ita."

Na ce, "To ka janye ta."

Ya ce, "Daga ina? Ta shiga waya, ta shiga memori, masu tura waƙa a kasuwa sun raba ta. Ko ni da na haɗa ta ba ni da iko da ita yanzu. Abin da zan iya shi ne in fitar da sabuwa, in ƙara mata armashi, mu tura ta ta danne tsohuwar. Tunda ga kalangunka, shiga ka buga yabo na gaske. Minti biyar ya isa."

Ga ƙofa ta biyu Allah ya buɗe. Ku tsaya ku ji yadda na yi da ita.

Na dubi makirfon ta cikin gilashi. Na tuna abokina mahauci. In na buga wa Banufiya yabo da hannuna, shi zai fara ji, ya fassara wa gari cewa Bakatsine ya durƙusa. Har in mutu ba zan sake sayen tsire cikin kwanciyar hankali ba. Sai wata dabara ta faɗo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in ajalin kunyarsa ya yi.

Na ce, "Ba sai na buga ba. Akwatin da ya ɓata, shi zai gyara. Ba ka ce kowane bugu yana maɓallinsa ba? Taɓa na bakwai."

Ya taɓa.

Na ce, "Ka ji? Ya fara daga sama ya gangaro ƙasa, don na matse tsarkiya na buga sannan na saki. Wannan shi ne 'ba'. In da a ƙasa kawai yake, gajere, ba gangara, da 'da' ya ce."

Ya dube ni. Ya furta a hankali, "Ba gishiri. Da gishiri." Ya sake furtawa, yana bin muryarsa da yatsa a iska. "Baba, tun ina yaro nake Hausa, ban taɓa lura ba."

Na ce, "Ai ba a koyar da shi sai a aji huɗu."

Ya jawo tudu na bakwai ya buɗa shi har ya cika fuskar kwamfutar. Ga kansa mai tsini, ga jelarsa tana sirancewa. Ya sa wuƙa ya sare kan, ya bar jelar. Muka saurara. Ya fito kamar tarin akuya, don an yanke wurin da makaɗi ya sauka a fata. Ya ce bari. Ya koma cikin bugun nan ɗai-ɗai da na yi masa ranar farko, ya ɗauko na ƙasa, ya ciri bakinsa kaɗan, ya liƙa a gaban jelar. Ya gajarta, ya goge wurin haɗin, ya ɗan rage masa ƙarfi. Ya danna.

Miyar Banufiya da gishiri.

Na ce ya sake. Miyar Banufiya da gishiri. Wallahi tsaf, ko ɗinki ba ka ji.

Muka tafa kamar mun ci zaɓe. Ya ce rabin bugu ne ashe tsakanin zagi da yabo. Ni kuwa ina ta murna da kaina: ga yabo ya fito, ga hannuna bai durƙusa ba. In mahauci ya yi magana in ce kwamfuta ce. Furodusa ya maye sabon bugun a cikin waƙar tun daga farko har ƙarshe, abin da bai ɗauke shi shan ruwa ba, ya tura mini a waya. Da zan fita ya ce, "Baba, ni dai da ka buga da kanka." Na ce masa ya bar wa manya harkar manya.

Na iso gida bayan la'asar. Tana zaune a tsakar gida kan 'yar kujera, da tire a cinya, tana tsince shinkafar gobe.

"Sannu da zuwa, Malam."

Na jawo turmi na kifa na zauna a gabanta. Na ce, "Ajiye tiren nan, na zo da magana." Na ciro waya na danna, na ɗora a kan gwiwata, na harɗe hannu.

Mawaƙiya ta fara, kalangu ya shigo. Hannunta ya tsaya a cikin shinkafa. Ta karkata kai. Na ga gefen bakinta ya ɗan motsa, na ce a raina an gama, yau zan koma Bakatsine.

Ta ce, "Mayar baya."

Na mayar. Ta saurara har sau uku, idonta a rufe. Sannan ta buɗe.

"Tara naka ne. Na bakwai ba naka ba ne."

Na ce, "Kamar yaya?"

"Kai in za ka buga ƙasa, kana ɗan jinkiri, kamar mai neman izini. Wannan bai nemi izinin kowa ba."

Maimakon in yi shiru, sai daɗi ya kama ni, na ga dama ta samu ta nuna ilimi. Na gyara zama na shiga bayani. Na ba ta labarin yadda na buga jimlar sau uku ranar farko, da na akwati da maɓallansa goma sha shida. Na zana mata tudu a ƙasa da tsinke, na nuna inda aka sare kai, da inda aka liƙa baki, da yadda aka goge ɗinkin. Na ce duk dabarata ce, Furodusa yatsa kawai ya sa. Na ce sabuwar za ta danne tsohuwar, kafin wata ya mutu duk kekunan Minna za su riƙa shelar miyarta kyauta. Na ce, "Kuma kin san abin mamakin? Ko taɓa kalangun ban yi ba. Yana rataye a kafaɗata aka gama komai."

Ta dubi kalangun, ta dube ni. Ta ɗauki tirenta ta miƙe, ta karkaɗe zaninta.

"Da za ka zage ni, da hannunka ka yi, har sau uku. Da za ka ba ni haƙuri, sai ka aiko akwati?"